Ranar da Aka Wanke Kundin Bagudu

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san asibiti ba, ba a san allura ba. Idan ciwo ya kama ka, sai wanzami, sai maɗori, sai malami, sai kuma Allah da ya halicce ka. Ba zan faɗi sunan garin ba, don kada wani a cikinku ya ce nasu ne ya fara hura mana hanci. Shi dai mutumin ana ce masa Malam Barmo. Bawan Allah ne, ba sarauta, ba wani zurfin karatu, iyakarsa ya karanta ajami ya kuma rubuta shi da hannu mai kyau. Ku matso, na baya ku daina hira, ku saurara.

A jikin masallacin garin akwai wani ɗan soro. Alƙalin wancan lokaci ya ga kundayen magani suna lalacewa a gidaje, wannan gara ta ci, wannan ɓera ya yi sheƙa da shi, wancan gobara ta lashe. Sai ya roƙi gidajen wanzamai da maɗora da masu maganin maciji su kawo nasu a tara wuri guda. Ajiya ce fa, ba kyauta ba, kowane gida ya san nasa. Har da tsofaffin ƙahonin kakanni da asake da karan ɗori aka kawo. Aka ba Malam Barmo mabuɗi.

To, shi Malam Barmo mutum ne mai fargaba. Allah ya yi shi haka. Idan hadari ya haɗo, kowa na murna, shi yana gudu zuwa soro ya duba ko rufi na yoyo. Idan ya ga gara ta ja layi a bango, ranar ba ya cin tuwo da daɗi. Kowane kundi yana cikin gafakarsa ta fata, a rataye, nesa da ƙasa. Ya share, ya kaɗe, ya shanya, ya mayar. Shekaru suka shuɗe a haka, kuma ban da shi babu mai shiga soron.

Ana nan sai wata damina ta zo da annoba, amai da gudawa. Allah ya kiyashe mu. Mutum ya yi sallar asuba da ku, kafin la'asar ana neman masu ɗaukar makara. Tsoro ya cika gari. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ɗaure kaya za su gudu, ba su ma san inda za su ba.

Sai Malam Barmo ya tuna da wani kundi a cikin soron, kundin Tsoho Bagudu. Wannan Bagudu wanzami ne, kakan Sarkin Askan garin. A zamaninsa an yi irin wannan annoba, ya gan ta da idonsa, da ta wuce ya zaunar da wani malami ya rubuta masa abin da ya gani. Kundin kashi biyu ne, ku riƙe wannan da kyau. Kashin farko labarin annobar ne, unguwa unguwa: inda ta fara, rijiyar da aka rufe, abin da aka yi ya yi amfani, abin da aka yi bai yi ba, wanda ya rasu da wanda ya tashi. Kashi na biyu kuwa asirin gida ne, haɗe-haɗen magungunan gado na gidan Bagudu.

Malam Barmo ya daɗe yana juya abin a ransa. Ya fita da kundin, ruwa ya taɓa shi fa? Ya bar shi a rataye, mutane na mutuwa fa? Da ƙyar ya ja ƙafa zuwa gidan Sarkin Aska Ɗandela, jikan Bagudu, mutum mai zafin rai wanda ko gaisuwarsa sai ka shirya.

Ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, izini na zo nema. Ina so in fita da kundin Tsoho in karanta wa jama'a.”

Sarkin Aska ya dube shi sama da ƙasa. “Malam, ajiya muka ba ka ko talla?”

“Ajiya ce, ranka ya daɗe. Amma abin da ke cinmu yau, Tsoho ya gan shi, ya kuma faɗi yadda suka yi.”

Sarkin Aska ya tuna shi ma jiya ya binne ɗan ƙanensa. Can ya ce, “Ka karanta labarin. Amma kashi na biyu namu ne, ko harafi ɗaya kada kunnen bare ya ji. Kuma ka dawo min da kundina yadda na ba ka. Idan falle ɗaya ya yi ciwon kai, zan kwashe duk abin da wanzamai suka ajiye a soron nan, kuma ka san maɗora za su biyo bayana.”

Malam Barmo ya ce ya ji ya yarda. Ya fito.

Ranar kasuwa ya shimfiɗa buzu a gindin wata tsamiya, ya buɗe gafaka, ya fara karatu. Wa zai saurare shi? Mai neman gero na neman gero, mai neman likkafani na neman likkafani. Murya tasa ma ba ta da ƙarfi. Yana cikin karatu sai ya zo inda Bagudu ke cewa, “A Unguwar Marina ta fara, daga rijiyar gidan Korau mai baba. Korau ya rufe rijiyarsa da hannunsa yana kuka, mutanen unguwa suka zage shi, daga baya suka gode masa.”

Wani tsohon marini da ke wucewa, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, ya tsaya cak. Ya ce, “Malam, maimaita. Korau kakana ne. Mu dai mun tashi mun ga rijiya a rufe a gidanmu, ba wanda ya taɓa gaya mana dalili.”

Kun ji yadda ɗan Adam yake. Ka ce masa ga magani, sai ya wuce. Ka ambaci sunan kakansa, sai ya nemi wurin zama. Kafin azahar gindin tsamiya ya cika. Mahauta na jiran a zo unguwarsu, masaƙa na jiran a zo tasu. A tsakanin sunayen kakanni kuwa ga maganar Bagudu tana shiga kunne: a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da toka, a nisanta bayan gida da rijiya, wanda ciwon ya kama kada a hana shi ruwa, a riƙa ba shi tafasasshe da ɗan gishiri da zuma, kaɗan kaɗan, ko yana amayarwa a ci gaba.

Amma sai wata fitina ta taso. Wani mutum ya kutso ya durƙusa, ya ce, “Malam, mahaifiyata ce kwance. Ka ba ni falle ɗaya in wanke in ba ta ta sha.” Kafin ya rufe baki, hannuwa sun miƙo ta ko'ina. Kun san mu da rubutun sha. Ni ban zo in yi muku magana a kan rubutun allo ba, wannan addu'a ce, kuma idan an wanke allo ayar na nan a kan malami, gobe ya sake rubutawa. Amma kundin Bagudu guda ɗaya ne a duniya, kuma tawadarsa ta baƙin tukunya da ƙaro ce, ruwa na taɓa ta ta tafi.

Malam Barmo ya rungume gafaka a ƙirji. Ya ce, “Jama'a, ku yi wa Allah. Wannan ba na sha ba ne, na ji ne. Amfaninsa a kunne yake. Ni ba mai magani ba ne, mai tsaron soro ne. Wanda bai ji ba ya faɗa, in sake karantawa ko sau nawa ne.”

Haka ya yi ta yi. Yau yana zauren mahauta, gobe yana bakin marina, jibi yana ƙofar wani gida yana ɗaga murya don matan da ke bayan katanga su ji. Ya karanta, ya maimaita, ya karanta, ya maimaita, har muryarsa ta dushe. Kullum idan ya kai ƙarshen kashin farko sai ya rufe, don ya yi alkawari. Kuma saboda sammakon da yake yi, sai ya riƙa kwana da kundin a gidansa maimakon ya mayar da shi soro.

Yanzu ku saurara, a nan ne bawan Allah ya yi tuntuɓe. Yana da mata, Tasalla, sun tsufa tare. Idan ya dawo ta kawo masa tuwo, sai ta ce, “Malam, wai me ke cikin littafin nan da gari ya ɗauka?” Shi kuwa ya gaji, maƙogwaro na zafi, sai ya ce, “Bari sai gobe, Tasalla.” Goben ba ta zo ba. Ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Duk gari ya ji kundin Bagudu ban da matar da kundin ke kwana a ɗakinta. Abin da ya iso kunnenta kawai shi ne abin da masu tallar nono ke faɗi, wai Malam na yawo da wani littafi mai warkarwa.

Sai ciwon ya kama shi. Ya kama shi da ƙarfi, har bai san wanda ke kansa ba. Tasalla ta rasa inda za ta sa ranta. Ga miji idanu sun faɗa, ga gafaka a rataye a bango. Ku gaya min, ke da ke zaune bayan labule, da ke ce me za ki yi? Ta sauko da gafaka, ta ɗauko ƙwarya, ta yi bismilla, ta wanke falle ɗaya ta ɗura masa. Ya amayar. Ta wanke wani. Ta ga bai tashi ba, ta ce ko maganin na gaba ne, ta ci gaba. Tana wankewa tana kuka, har ta kai falle na ƙarshe. Kuma don ladabi, kowane falle sai ta shanya shi a tabarma, ya bushe, ta jera ta mayar cikin gafaka.

Allah da ikonsa, labarin ciwon ya kai kunnen wata tsohuwa mai daddawa, Inna Kande, wadda ta sha jin karatun a kasuwa. Ta zo da zumarta a ɗan kasko, ta ɗora ruwa a wuta ya tafasa, ta sa gishiri, ta zauna a kansa da ludayi, kaɗan kaɗan, yana amayarwa tana ci gaba. Ta koya wa Tasalla, suka riƙa karɓa-karɓa. Allah ya nufa da sauran shan ruwansa a duniya, Malam Barmo ya tashi.

Ranar da ya iya zama, abin da ya fara cewa shi ne, “Tasalla, miƙo min gafaka.” Ya buɗe. Takardu sun yi tauri, sun yamutse, sun yi toka-toka. Ya juya falle, babu komai. Ya juya wani, babu komai. Ya juya har ƙarshe.

Ya ce, “Ruwa ne ya zuba?”

Ta ce, “A'a, Malam. Ni na wanke na ba ka. Ga shi kuwa Allah ya tashe ka.” Tana faɗi tana murmushi, don ita a saninta abin kirki ta yi.

Jama'a, fushi ya taso masa. Ya buɗe baki, sai ya ga idanunta sun kumbura don rashin barci da kuka. Ya tuna sau nawa ta tambaye shi, sau nawa ya ce gobe. Ya haɗiye abin da ya taso. Ya ce, “Allah ya yi miki albarka, Tasalla. Ba ki da laifi.” Sannan ya juya fuska bango, hawaye na zuba.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi masa ciwon wuya. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da shi, kun san shi ba ya rasa shawara. Ya ce masa, damina ce fa, ka ce rufi ne ya yi yoyo kana kwance, wa zai musa? Idan ka faɗi gaskiya, sunan matarka ya shiga bakin duniya. Sarkin Aska ya kwashe kayansa, soro ya mutu. Abin da ya fi wannan muni, mutane su ji ka sha ka warke, su fasa soron su wanke sauran kundayen kaf. Ka ga ƙaryar nan ma taimakon littattafan za ta yi. Malam Barmo ya kasa ci, ya kasa zama wuri guda. Ya ɗauki sanda ya kai ƙofar gida, ya dawo. Ya sake fita ya kai bakin lungu, ya dawo. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. A ƙarshe ya ce wa kansa, an ba ni amana na kasa tsare ta, ba zan ƙara mata ƙarya a kai ba.

Ranar kasuwa ya dogara sanda har rumfar Sarkin Aska. Ya tarar da shi da aska a hannu, yana tsakiyar yi wa wani mutum aski, ga jama'a na jiran layi. Ya durƙusa ya ajiye gafaka.

“Ranka ya daɗe, na kawo maka kundin Tsoho, amma ba yadda ka ba ni ba. An wanke shi a gidana an ba ni na sha ina kwance. Wadda ta wanke ba ta san abin da ke ciki ba, don na karanta wa kowa ban karanta mata ba. Laifin nawa ne ni kaɗai.”

Askar ta tsaya a kan mutumin nan, shi ma ya daina numfashi. Sarkin Aska ya ajiye ta a hankali, ya buɗe gafaka, ya juya fallayen.

Sai abin da Malam Barmo ke tsoro ya fara. Wani daga baya ya ce, “To ai ga shi ya sha ya warke. Ashe hana mu ya yi.” Kawuna suka fara juyawa wajen masallaci, inda soron yake. Malam Barmo ya miƙe da ƙyar ya ce, “Na sha, ban tashi ba. Ku tambayi Inna Kande abin da ta ba ni. Allah ne ya warkar, amma ta hanyar abin da ta ji da kunnenta.” Inna Kande na nan da faifan daddawarta, ta ce, “Ni na same shi bakinsa baƙi ƙirin da tawada, ko motsi ba ya yi. Jikokina kuma biyu suka tashi, ba wanda ya lasa takarda.” Masu kallon soro suka sunkuyar da kai.

Sarkin Aska ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Malam, na ce ka dawo min da shi yadda na ba ka. Maganar kakana ke nan ta tafi. Ina zan same ta?”

Malam Barmo ya tsaya kawai yana jiran hukunci.

Can sai aka ji wata murya. Tsohon marinin nan ne, jikan Korau. Ya ce, “A Unguwar Marina ta fara, daga rijiyar gidan Korau mai baba.” Ya ci gaba, kalma bayan kalma, har ƙarshen labarin unguwarsu. Yana tsayawa wani mahauci ya ɗauka daga inda ya tsaya. Inna Kande ta kawo wajen ruwa da gishiri da zuma. Wani ya yi kuskuren suna, mutum uku suka gyara masa. Malam Barmo ya zube a ƙasa ya ce a taimake shi da tawada da takarda. A rumfar nan ya fara rubutu, aka yi kwanaki ana yi, wanda ya tuna wani abu ya zo ya faɗa, har mata suka riƙa aiko da nasu daga cikin gida. Kashin farko ya dawo cif.

Da aka kai nan, Malam Barmo ya ɗaga alƙalami ya dubi Sarkin Aska. Ya ce, “Ranka ya daɗe, saura kashi na biyu, naku na gida. Ni ban karanta wa kowa ba, ko ni ban yarda idona ya zauna a kansa ba. Faɗi in rubuta, a kori jama'a in ka so.”

Sarkin Aska kuwa ashe bai sani ba. Ubansa ya ce masa yana cikin kundi, shi ma ya ce wa 'ya'yansa yana cikin kundi, ba wanda ya taɓa zama ya koya. Aka aika gidajen dangi, aka tambayi tsofaffi, ba a samu ko layi ɗaya ba. Mutumin nan mai zafin rai ya zauna a kan turmin aski ya riƙe kai. Ya ce, “Wanda na bari aka ji ya dawo. Wanda na hana shi ne ya tafi.”

Bai kwashe komai daga soron ba. Cewa ya yi, “Malam, sauran namu da ke rataye, ka fito da su ka karanta tun muna da rai.” Malam Barmo ya ce to, amma ya roƙi a ba shi yini ɗaya. Ya ɗauki sabon kundin ya tafi gida, ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya ce, “Tasalla, ajiye tankaɗen nan ki zo. Goben ta yi.”

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiya tana da nauyi a baki, amma ita ta fitar da Malam Barmo, da ya ce yoyo ne da kowa ya yi masa jaje an watse, kundin ya tafi har abada. Ilimi kuma ba ya tsaruwa da mabuɗi, a ƙirjin mutane yake tsaruwa, abin da ka ɓoye ka shirya rasa shi. Sannan alherinka ya fara daga gidanka.

Na kawo muku wannan ne don ma'aikatan ɗakin karatun garin nan sun zo sun same mu. Sun ce za su fito da tsofaffin littattafan magani da kayan wanzamai da hotunan asibitin farko, su baje a bakin kasuwa, su karanta wa wanda bai iya ba. Na san ku, za ku ce wannan na 'yan boko ne, ku wuce wajen mai tsire. Ku je. Ku je da iyalanku, kada ku dawo ku ce musu sai gobe. Kai kuma da kundin kakanka ke cikin akwati a ƙarƙashin gado, ba ka karanta ba, ba ka bari an karanta ba, kana cewa asirin gida ne, ka je yau ka buɗe ka gani ko gara ta bar maka wani abu. Idan ta bari, ka kai a kwafa tun da sauran mai iya karanta hannun.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa abin da muka sani ya amfani na kusa da mu kafin na nesa. Ku tashi a gyara sahu.